Turmin da Na Ajiye a Kan Kwalta

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni manomi ne mai ji da kansa a wani ƙauye da ke bakin hanyar Jega zuwa Maiyama. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, da mata, da 'ya'ya shida, da fadamar da na gada wurin mahaifina, inda nake noman shinkafar rani, in ɗan taɓa albasa a gefe. A masallaci sahun gaba nake tsayawa, in aka yi rigimar iyakar gona har da ni ake kira sasanci. Bakina kuwa ba ya hutawa. In aka zauna majalisa ana zagin direbobi, ni ke jan baƙi, sauran su bi ni da fassara. Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka wani tantiri ne ya aikata abin da zan faɗa. Mutumin kirki ne a idon jama'a ya aikata shi, kuma wannan ne ya fi ba ni ƙyama. Abin da ya tayar mini da shi, ya Edita, wani rubutu ne da na karanta a shafinku a kan motocin da aka ce nan gaba za su riƙa tuƙa kansu ba direba. Da farko dariya na yi. Daga baya na ajiye mujallar, don na tuna wani direba da na sani, wanda ba shi da laifin komai sai ganin abin da ya gani.

Duk wanda ya bi hanyarmu a ƙarshen rani ya san yadda muke shanya. Shinkafar rani tana nuna ne daidai lokacin da hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa na rige-rige ya busar da tasa kafin ruwan farko. A cikin gida kaji ne da awaki, a fili kuma yashi ne da tsakuwa, mai saye ya tauna ya ji garas ya karya maka farashi. Kwalta kuwa ga tsabta ga zafi, abin da zai yi kwana uku a ƙasa, wuni ɗaya ya ishe shi. Sai muka mayar da gefen titi masussukarmu. Da farko iyaka ce gefen nan da aka bar wa masu keke da masu tafiya da ƙafa. Da shinkafa ta yawaita, sai wannan ya ɗan ƙara taki ɗaya, na kusa da shi ya ga ba a ce komai ba, shi ma ya ƙara. Kowa ya jera duwatsu a gefen shanyarsa don mota ta kauce. Ba wanda ya taɓa zama ya ba mu izini, ba kuma wanda ya hana da gaske. In direba ya leƙo ya yi magana, sai mu ce masa titin na ubansa ne? Ni da bakina na sha faɗin haka, mutane suna dariya ina jin daɗi.

Wurin shanyata shi ne na farko in ka fito daga wajen Maiyama, bayan wata kwana da ke da kuka da ciyayi masu tsawo, ta yadda mai mota ba ya ganin abin da ke gaba sai ya gama karya kwanar. Wata rana da la'asar wata tirela ta bi ta kan duwatsuna kamar babu su, ta murƙushe mini kusan rabin buhu. Na bi ta da zagi har ta ɓace. Da na koma gida ina huci, idona ya faɗa kan tsohon turmin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, wanda ya tsage a baki aka ɗaure shi da ƙarfen taya don kada ya rabe. Babban turmi ne na kirya, sai mutum ya dage yake ɗaga shi. Matata ta ga ina mirgina shi, ta tambaye ni ina za ni da turmin Inna, na ce za ni in koya wa 'yan iska hankali. Ta ce ita dai wannan abu bai kwanta mata ba, na ce mata ba da ita na yi shawara ba. Washegari na kafa shi a kan kwalta, taki biyu cikin hannun da mota ke bi, na tara masa duwatsu uku a gindi. Maƙwabtan shanyata suka yaba, wani har ya ce yanzu ne muka samu soja.

Akwai wani tsoho, abokin mahaifina tun suna samari, da ke zaune a ƙauyen gaba da mu. Sana'arsa tukar igiya, yakan ɗauro ta a bayan kekensa ya kai kasuwar Jega. Baba nake ce masa, shi kuma ɗana yake ce mini. Kwana biyu da kafa turmin ya tsaya a wurina, ya sauke ƙafa ɗaya, ya yi mini sannu da aiki, sannan ya ce in daure in bar masa ko da faɗin tafin hannu ne a gefe, saboda yanzu in ya zo nan dole sai ya shiga tsakiyar titi, shi kuwa kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin mota sai ta matso. Na mayar da abin wasa. Na ce Baba ai lokacin hawan keke ya wuce masa, ya zauna gida jikoki su yi ta yi masa fifita. Ya yi murmushi ya ce to Allah ya tsare, ya tura kekensa ya zagaya turmin ya wuce. Wallahi ko a jikina. Ina ma kallon bayansa ina jin haushin wai tsoho zai koya mini yadda zan yi da shinkafata.

Ranar kasuwar Jega ce, da hantsi, rana ta fara zafi, ina tsakiyar shanya ina ja da manjagara. Na ga Baba ya fito daga kwanar, igiyoyi sun yi tsiri a bayansa, ya ɗaga mini hannu, ya karkata cikin titi don ya zagaya turmin kamar kullum. A daidai lokacin wata bas cike da 'yan kasuwa ta karyo kwanar a bayansa. Ba zan yi ƙarya a nan ba, ba gudun hauka take yi ba, gudu ne irin na kowace mota. Daga gaba kuma wata babbar motar albasa na tahowa, ta cike ɗaya hannun. Direban bas ya taka birki har taya na kuka, ya yi ƙoƙarin ratsawa tsakanin tsohon da gefe, tayarsa ta gaba ta daki turmin, motar ta yi tsalle ta karkace, ta kwashi bayan keken. Na ga Baba ya tashi sama ya faɗo a kan shinkafata. Bas ɗin ta gangara cikin rami ta tsaya a karkace, mata na salati a ciki. Motar albasa kuwa ta wuce abinta.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa ko matata ba sai da shekaru suka wuce. Abokin ubana yana kwance taki goma daga inda nake, ƙafarsa ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa, yana nishi. Ban nufe shi ba. Turmin na nufa. Na same shi a gicciye a tsakiyar titi, na mirgina shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na tura shi cikin ciyayin nan masu tsawo, na dawo na yi ta shurin duwatsun suna faɗawa rami. Da na ɗaga kai, sai na ga duk layin masu shanya haka suke yi, kowa na kwashe duwatsunsa yana jan shinkafarsa baya da ƙafa. Ba wanda ya ce wa wani a yi, ba wanda ya dubi idon wani. Kafin fasinja na farko ya fito daga motar, titi ya zama fes. Sai a sannan muka ruga wurin tsohon muna innalillahi, ni a gaba, har da riƙe kansa a cinyata. Tir da ni. Duk lokacin da na tuna hannun nan nawa da ya fara zuwa ga turmi kafin ya je ga mutum, sai in ƙara tsanar kaina.

Direban matashi ne, bai fi shekara talatin ba. Ya fito goshinsa na jini, ya nufo mu yana tambaya ko tsohon na da rai. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to ni na fara haukan. Na miƙe na nuna shi na ce ga shi nan, gudu yake kamar an koro shi, haka suke kashe mana mutane kullum. Kalmar nan ita ce ashanar. Mutanen da suka gama ɓoye duwatsunsu yanzun nan suka yi kansa. Yana kare fuska yana cewa turmi ne a kan hanya, don Allah a duba, turmi ya daka. Wani ya ɗauki manjagarata da na yar, ya sauke masa ita a hannun dama, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Na sha gaya wa kaina cewa ai ba ni na buga ba. Manjagarata ce, kuma bakina ne ya aike ta. Da ba don wasu dattawa daga cikin fasinjojin sun faɗa a kansa sun kare shi ba, da gawa za a ɗauka. Samari kuwa suna gefe sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, ba mai neman ruwa, ba mai neman mota.

Da jami'ai suka iso, yawancin fasinjojin sun riga sun tare wasu motoci sun wuce, kada kasuwa ta ci ba su. Direban na zaune a ƙasa riƙe da hannunsa, ya sake cewa turmi ne, babba, mai ɗaurin ƙarfe a baki. Jami'in ya dubi titi, ya dube mu, ya tambaya ko akwai wanda ya ga turmi. Muka dubi juna muka yi dariya. Wani ya ce ko dai ya ga matar da ke daka ma? Ni kuma na ce yaran yanzu in sun sha abin da suke sha, har raƙumi suna gani a kan titi. Aka rubuta abin da aka rubuta, aka sa tsohon da direban a mota ɗaya. Bayan an watse na dawo kan shinkafata. Inda jini ya ɓata na kwashe da hannu na zubar, sauran na tattara na ɗura a buhu, mako na zagayowa na kai Jega na sayar. Ban san cikin wa ta shiga ba. Bayan kwana biyu na ɗauko turmin a amalanke na rufe shi da buhuna, na kai bayan rumbu na ɓoye.

A asibiti aka ce ƙashin cinyar Baba ya karye, ƙugunsa ma ya taɓu. 'Ya'yansa suka ce su a Aliero za a yi musu ɗori, kamar yadda kowa a ƙasarmu yake yi. Bayan mako ɗaya muka cika mota mu masu shanya, muka tafi dubiya da goro da lemo, muna ta nuna alhini. Da muka shiga ɗakin da aka kwantar da shi, sai ga direban a tabarmar da ke fuskantar tasa, hannunsa cikin karan ɗori, shi ma nan danginsa suka kawo shi. Bai gane kowa a cikinmu ba, har ya amsa gaisuwarmu da ladabi. Babban ɗan Baba ya ja ni gefe yana yi mini godiya, wai an gaya masa ni na fara tallafar mahaifinsu. Ya ce abin da ke damunsu shi ne tsohon ya fara ruɗewa, shi ma yana ta maganar turmi, wataƙila buguwar da kansa ya yi ce, ko kuma surutun direban ne ya shiga kansa tunda ɗaki ɗaya suke kwana. Na gyaɗa kai na ce ai tsufa da ciwo sai a hankali.

Zuwana na biyu ni kaɗai na je. An riga an sallami direban, 'ya'yan Baba kuma sun fita neman abinci. Ya ce in matso kusa. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai kaushin igiya, ya kira ni ɗana kamar yadda ya saba, ya ce shi bai ruɗe ba. Ya ce turmin nan ya san shi tun yana sabo, ya sha furar da mahaifiyata ta daka a cikinsa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ya ce ya gaya wa kowa akwai turmi, amma bai faɗi mai shi ba, saboda ba zai iya tona asirin ɗan abokinsa da bakinsa ba. Ƙafarsa kuwa ya yafe mini duniya da lahira. Amma yaron nan mai mota, ya ce, ba shi da ikon yafe mini hakkinsa, sai ni in je in same shi in faɗa da bakina. Na durƙusa ina hawaye na yi masa alkawarin zan je cikin makon nan. Hawayen nan ma in na tuna su haushi suke ba ni, don tun kafin in kai tashar Aliero na fara lissafin yadda mutanen ƙauyenmu za su kalle ni in na fasa ƙwan.

Makon ya wuce. Ruwa ya sauka, na ce sai an gama shuka. Aka gama shuka, na ce sai an yi noman farko. Kaka ta zo ta wuce. Baba ya dawo gida yana dogara sanda, bai sake hawa keke ba, igiyarsa sai dai a kai masa kasuwa. Na daina bi ta ƙofar gidansa, in na hango shi a wurin suna ko jana'iza sai in canza wurin zama. Bai taɓa aiko mini ba, bai taɓa tuna mini ba. Rani na zagayowa na sake shanya a kan kwalta, sai dai ban sa turmi ba, duwatsu kawai, wai ni nan na tuba. Bayan shekara biyu ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki ya rasu. Da ni aka ɗauki makara, da ni aka zuba ƙasa. Kuma zan faɗi gaskiya ko da za a tsine mini: a hanyar dawowa daga maƙabarta, a ƙarƙashin baƙin cikin, na ji wani ɗan sauƙi, cewa mutum ɗaya da ya sani ya tafi. Wanda ya ji irin wannan sauƙin a kan mutuwar abokin ubansa, ban san sunan da ya dace da shi ba.

Shekara huɗu bayan haɗarin na je Maiyama sayen buhunan albasa. Ina tsaye a tasha ina jiran mota ta cika, sai na ji wani direba ya ɗaga murya yana kiran Mai Turmi ya zo ya ɗaure kaya. Wani mutum ya taso da gudu yana amsawa, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Hannunsa na dama a ɗan karkace yake. Shi ne. Ya rame, furfura ta fara fito masa, yana lodi yana kiran fasinja ana ba shi abin da ya samu. Na tambayi mai shayin da ke kusa dalilin sunan, ya kwashe da dariya ya ce ai wani direba ne da ya taɓa kaɗe tsoho, ya ce wai turmi ya gani a kan titi, shi ke nan sunan ya bi shi, har yaran gari da shi suke kiransa. Ya ce mai motar ya karɓe abarsa tun a lokacin, shi kuma ko da hannun ya warke, an sha ba shi mota ya ƙi. Na ajiye kofin shayin da na saya ban sha ba. Motar Jega ta cika ta tashi ba ni, ina zaune a kan benci har aka kira azahar.

Bayan salla na tare shi a bayan masallacin tasha, na ce ina da magana. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce masa ni ne mai shanyar, turmin kuma nawa ne, ni na ɓoye shi, ni na fara cewa gudu yake. Na shirya wa mari, na shirya wa zagi. Bai yi ko ɗaya ba. Sai ya tambaye ni da ƙaramar murya ko turmin yana da ɗaurin ƙarfe a baki. Na ce yana da shi. Ya tambaya ko ɗaurin a karkace yake, gefe ɗaya ya fi sauka. Na ce haka yake. Sai ya zame ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce tun daga ranar, mutum fiye da talatin sun rantse ba komai a titin, tsohon da ya ce akwai kuma aka ce ruɗewa ce, har shi ma ya yarda. Ya ɗauka idonsa ne ke nuna masa abin da babu, ko iska ce ta buɗe masa ido. Ya sha rubutu, ya sha turare, an kai shi wurin malamai har uku. Ya ce abin da ya hana shi sake riƙe sitiyari ba hannun ba ne, tsoro ne kada ya ɗauko rayukan mutane ya sake ganin abin da babu. Ya ce mahaifinsa ya rasu bara yana ce masa ya daina ƙaryar turmi, ya karɓi laifinsa ya nemi gafarar Allah.

Na ce masa ya faɗi duk abin da yake so in yi. Ya ce ba ya son komai nawa, turmin kawai zan kawo. Washegari na tone shi daga bayan rumbu, gara ta ci gindinsa amma ɗaurin na nan. Matata na tsaye tana kallona, na gaya mata komai a tsaye, ta shige ɗaki ta saki labule. Na ɗaure shi a bayan kabu-kabu muka tafi Maiyama. A tsakiyar tasha na sauke shi, lokacin da direbobi suka fi taruwa, na faɗi abin da na yi daga farko har ƙarshe. Wani dattijon direba ya tofar da yawu a gabana ya ce Allah wadai, ya juya. Wasu samari suka yo kaina, shi wanda na zalunta ya ɗaga hannun nan nasa karkatacce ya ce kada wanda ya taɓa ni, shi ya san yadda duka yake. Ya durƙusa ya shafa ɗaurin ƙarfen da yatsunsa, ya daɗe yana shafawa. Na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce in bar turmin in tafi, maganar yafiya kuwa ba yau ba, don akwai rabon mahaifinsa a ciki, shi kuma ba ya nan balle a gaya masa.

A hanyar komawa gida na bi ta gaban shanya iri-iri, shinkafa da tattasai da masara, ga duwatsu ga kututture ga bulo a jere cikin titi, masu keke da mata masu tallar nono suna ratsawa tsakiyar motoci. A ƙauyenmu wasu sun daina gaishe ni, wai na tona musu asiri, na ja musu ido. Har yau suna shanyarsu, sai dai wurina da ba kowa. Ni yanzu tamfol nake shimfiɗawa a gona, shinkafata ta yi kwana uku, in ruwa ya taɓa ta ya taɓa. Na gane laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na direbobi. Ban ce su waliyyai ba ne, akwai masu gudun ganganci, akwai masu lodin da ya wuce kima, akwai masu waya a kunne. Amma hanya ta kowa ce, kuma duk wanda ya ɗora dutse a kanta ya sa hannu a tuƙin motar da ba ya ciki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke gaggawar cewa ƙaddara ce in laifin namu ne, in na wani ne kuma mu ɗauki sanda.

Su motocin nan masu tuƙa kansu, ban san yaushe za su iso hanyar Jega ba, wataƙila jikokina su gani. Kafin su zo, mu ne dai a kan titin, da ido biyu da ƙashi mai karyewa. Ina roƙon manoma 'yan uwana, daga Aliero har Maiyama, mu kwashe shanya daga kan kwalta, mu bar wa mai keke da mai ƙafa gefensu, ba buhun da ya kai cinyar tsoho. Direba ya rage gudu a kwana, don bai san abin da wani mai son zuciya irina ya ajiye masa ba. Wanda ya tarar da haɗari kuma ya fara da mai rauni, ya riƙe hannunsa da bakinsa har a san gaskiya. In kuwa kai ne ka san gaskiyar, faɗe ta ranar, kada ka jira a gama shuka. Ni na jira shekara huɗu, mutum biyu suka shiga kabari kafin in buɗe baki. An ce mini direban nan, bawan Allah, ya fara ɗan jan mota tsakanin Maiyama da Jega, kuma ba mai kiransa da sunan nan yanzu. Turmin yana nan a tasha, fasinjoji na zama a kai suna jiran mota. Duk wata nakan je in gaishe shi, yakan amsa, yakan tambaye ni gida. Maganar yafiya dai har yau bai ce komai ba, ni kuma ba ni da bakin sake tambaya.